Tubali Dubu Biyu da Arba'in da Bakwai

Ɗakin da nake kwana a ciki na ƙasa ne, kuma na san yawan tubalin da aka kawo don gina shi ba sai na duba wata takarda ba: dubu biyu da arba'in da bakwai. In na faɗa a fada, wato majalisarmu ta hira da shan shayi, mutane sukan yi dariya, su ce wannan Mushe da lissafi, ko bangon ɗakinsa bai ƙyale ba. Nakan taya su dariyar. Ba su sani ba, da akwai mai cire mini lambar nan daga ka, da na ba shi ɗakin kyauta har da ƙofarsa.

Mushe ake ce mini, kamar yadda ake ce wa duk malamin lakwal, wato makarantar boko, a wajenmu. Lissafi nake koyarwa. A lokacin da nake ba da labari ina wani ƙaramin kwaleji a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke kewaye da tabkin Madarunfa. Ban daɗe da kama aiki ba, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Sabon moto mai ƙafa biyu, riga a goge, jan bik na rubutu a aljihun gaba don kowa ya san mai gyaran takardu ne ke tafe. Kai, in na tuna irin takun da nake yi a farfajiyar makarantar nan sai in ji kamar in tsoma kaina cikin randa.

Abin da ya kumbura mini kai wata lamba ce. Bari in yi bayani kaɗan, don ba kowa ne ya sha wahalar ajina ba.

A lissafi akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai sai ga ɗaya ko ga kansu. Ɗauki bakwai. In kana da goro bakwai, ka tara mutum biyu, ko uku, ko huɗu, ko biyar, ko shida, ka ce za ka raba musu daidai, dole wani goro ya rage a hannunka. Sai dai ka danƙa wa mutum ɗaya duka, ko ka nemo mutum bakwai kowa ya ɗauki guda. Goma sha biyu kuwa mai sauƙin kai ce, ta rabu ga biyu, ta rabu ga uku, ga huɗu, ga shida. Waɗancan da ba sa rabuwa suna da sunansu na littafi da faransanci, amma ni in na gama faɗin na littafin sai in juya harshe in ce wa yara, masu taurin kai ke nan. Biyu, uku, biyar, bakwai, sha ɗaya, sha uku, haka suke tafiya, suna ƙara yin wuyar samu in aka yi nisa, amma ba sa ƙarewa. Biyu ce kaɗai cika a cikinsu, sauran duk mara ne.

Cikin masu taurin kan nan akwai wani dangi da nake so fiye da kowane. Yadda ake samunsu shi ne ka jera biyu-biyu ka ninka su da juna, sannan ka cire ɗaya. Biyu guda biyu, huɗu ke nan, cire ɗaya, uku. Biyu guda uku, takwas, cire ɗaya, bakwai. Biyu guda biyar za su ba ka talatin da ɗaya. Guda bakwai, ɗari da ashirin da bakwai. In ka yi haƙuri ka jera biyu har guda talatin da ɗaya, ka ninka, ka cire ɗaya, sai ka faɗa kan tawa:

2 147 483 647

Miliyar biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Ina faɗinta da numfashi ɗaya, hannuna a baya, ina kallon rufin aji. Na rubuta ta can saman allo da jan alli, na ce duk mai sharar allon da ya kuskura ya taɓa ta zai gamu da ni. Yara suka raɗa mini suna Mushe miliyar biyu. Sun ɗauka ban sani ba, ni kuwa daɗi nake ji.

Nakan ce musu, ku ɗauka wannan tubali ne. Ku share fili tun daga nan har Katsina, ku ce za ku jera su layi-layi daidai wa daida, kowane layi yawansa ɗaya da ɗan'uwansa. Ku yi layi biyu, ku yi dubu, ku yi miliyan, wallahi sai wani ya rage a gefe. Hanya ɗaya ce, ku ja su layi guda tak. Da bakina na kawo misalin tubalin nan, ba wanda ya sa ni.

Gaskiyar magana ban taɓa gwada babbar lambar da hannuna ba. Wa zai iya? Kafin ka tabbatar sai ka bi masu taurin kai ɗaya bayan ɗaya kana rabawa har ka wuce dubu arba'in da shida. A wani tsohon kaye na same ta, littafin rubutun da na kwafi darasin malaminmu a ciki muna karatu a Maraɗi. Na karɓa ban yi musu ba, kuma gaskiya ce, ba ta rabuwa. Babbar ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ƙaramar ce ta kayar da ni.

A cikin kayen an jera yawan biyu-biyun da ake ninkawa: biyu, uku, biyar, bakwai, goma sha uku, da sauransu. Wata rana na zura wa jerin ido sai na ga ai su ma duk masu taurin kai ne. To ina goma sha ɗaya? Ya aka yi aka tsallake ta? Nan take na yanke cewa ni na tsallake ta wajen kwafa, don ajin nan bayan azahar ake yinsa kuma na sha gyangyaɗi a ciki. Na ɗauko bik na ninka biyu guda goma sha ɗaya, dubu biyu da arba'in da takwas, na cire ɗaya. Dubu biyu da arba'in da bakwai. Na ji kamar na tsinci abin da na yar a ajin malaminmu.

Kada a ce ban gwada ba, na gwada. Da la'asar ne, a fada, ƙarƙashin dogon yaro, takarda a kan gwiwata. Na raba da uku, saura ɗaya. Biyar ba sai an gwada ba. Da bakwai, saura uku. Da sha ɗaya, da sha uku, da sha bakwai, da sha tara, kowacce da saura. Ana nan sai aka miƙo mini shayi na biyu, wani kuma ya tayar da gardamar ƙwallo, na ce a raina ai ya isa haka, abu a fili yake. Ni da nake koya wa yara cewa ba a tsayawa sai an kai lambar da in ka ninka ta da kanta za ta wuce wadda kake gwadawa. Kamata ya yi in kai arba'in da bakwai. Na tsaya a sha tara. Mai bi mata ita ce ashirin da uku.

Na koyar da ita a ajin sankiyam, shekara ta biyu ta kwaleji, na sa yara suka rubuta suka ja layi a ƙarƙashi. Da jarrabawar ƙarshen shekara ta zo sai na saka ta: dubu biyu da arba'in da bakwai tana rabuwa ko ba ta rabuwa? Maki biyu.

A ajin akwai wata yarinya doguwa mai zama a bencin baya, kusa da taga. Ta girmi yawancin 'yan ajin don maimaita shekarar take yi. Dokar kuwa sananniya ce, sau ɗaya ake maimaita aji. In aka haɗa makin duk darussa ba ta kai goma cikin ashirin ba, korarta za a yi. Ita ta sani, ni na sani, kowa ya sani. Faransanci ne ke ja mata baya, harshenta ya ƙi kwanciya da shi. Lissafi kam tana iyawa, sai dai a hankali, kuma ta hanyarta. Gefen takardarta kullum cike yake da ɗige-ɗige da 'yan zane, abin da ke ba ni haushi. Wata rana da na tambayi yara abin da kowa ke so ya zama, ta ce ungozomar asibiti, ta faɗa a hankali kamar mai tsoron a ƙwace mata. Ubanta mai buga tubali ne a bakin tabki. Da rani ya yi tubali, da damina ya koma gonar hatsinsa.

Na zauna gyaran takardu, sun fi sittin. Kowa ya rubuta abin da na ba shi, ba ta rabuwa, ina ta sa maki biyu ina jin daɗin kaina. Da na zo kan tata sai na ga ta rubuta tana rabuwa. A ƙasa ta zana fili mai kusurwa huɗu, ta sa 23 a gajeren gefe, 89 a dogon. Wallahi da na ninka su, ko ƙiftawar ido goma ba zan yi ba. Ban ninka ba. Abin da ya zo mini a rai shi ne, dubi wannan, aji ma sai da ta maimaita, ita ce za ta gyara mini? Na ja jan layi tun daga wannan kusurwa har waccan, har bik ya ɗan huda takardar, na sa mata sifiri.

Ranar da na mayar musu da takardu ta ɗaga hannu. Ban kula ta ba. Ta taso ta zo gaban tebur, ta ɗan rusuna.

Ta ce, "Mushe, don Allah ka sake duba tawa."

Na ce, "Na duba."

Ta ce, "Mushe, in aka yi layi ashirin da uku..."

Na katse ta, na ce da faransanci ake magana a ajina. Ta fara, harshe ya harɗe, ta sake farawa, ya sake harɗewa. Yara suka fara ƙyalƙyala. Maimakon in tsawata musu sai na ɗora nawa. Na ce, "Ke, nan aji ne, ba bakin tabki ba. In layin tubali kike son ja, ga hanya nan, babanki na neman mai taya shi." Aji ya ɗauka gaba ɗaya, har da masu buga benci. Na fizge takardar daga hannunta na jefa a jaka, na ce tun da ta fi ni sani zan kai wa manyan Yamai su duba. Ta koma wurinta ta zauna. Ba ta yi kuka ba, ta dai juya fuska wajen taga har aka tashi.

To ga inda abin ya haɗu. Kafin wannan da kamar mako biyu na sa ubanta ya buga mini tubali dubu biyu. Na sami fili a bakin gari, aure na matsowa, ina so a tayar da ɗaki kafin ruwa ya sauka. Masu tubali a wajenmu suna da yadda suke yi. Su kwaɓa laka da ƙaiƙayi, su zuba a akwatin katako, su kife a ƙasa, layi-layi. In gefe ɗaya ya sha rana sai a bi a juya su. Mai kaya in ya zo ba ya ƙirga su ɗaya-ɗaya. Sai ya taka gefe guda ya ƙirga layuka, ya taka ɗaya gefen ya ƙirga na cikin layi, ya haɗa a kansa. Dubu biyu, layi ashirin ne na ɗari-ɗari, kowa ya san haka. Sannan a tara wasu 'yan kaɗan a gefe, gyara, saboda waɗanda za su fashe a amalanke.

Kwana huɗu bayan abin da ya faru a aji ya aiko maƙwabcina ya ce mini kaya sun bushe, in zo in ƙirga. Ranar Asabar da hantsi na hau moto na tafi. Zafin bazara ya kai inda ya kai, tabki ya ja baya ya bar laka mai tsattsagewa. Masu tubali uku ko huɗu na aiki a filayensu, can gaba masunta na gyaran koma a inuwa. Na same shi tsaye, tsoho siriri, laka ta bushe masa har gwiwa. Muka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi yara.

Ya ce, "Mushe, ga kayanka. Ƙilga."

Tun daga nesa na ga shimfiɗar ba irin wadda aka saba ba ce. Ta fi faɗi, ba ta kai tsawo ba, kuma babu tarin gyara a gefe. Ban kawo komai a raina ba. Na taka gajeren gefen ina nunawa da makullin moto. Ashirin, ashirin da ɗaya, da biyu, da uku. Na ce a raina tsoho ya rikice. Na juya na bi dogon gefen. Ina wuce saba'in gabana ya fara faɗuwa. Tamanin da bakwai, da takwas, da tara. Layi ya ƙare.

Kaina ya yi aikin da kansa, ban sa shi ba. Tamanin da tara sau ashirin, dubu da ɗari bakwai da tamanin. Sau uku, ɗari biyu da sittin da bakwai. Na haɗa. Na sake haɗawa ta wata hanya ko Allah zai sa in sami wani abu dabam. Ina! Gumi ya karyo mini, ba na rana ba. Ga su nan kwance a gabana, layi ashirin da uku, kowane layi tamanin da tara, gefe da gefe a miƙe kamar an ja da igiya.

Sai a lokacin na gane irin aikin da mutumin nan ya yi. Tubalin da aka riga aka kife layi ashirin, ya bi su ɗaya-ɗaya ya ɗaga ya sake musu wuri, cikin wannan rana, da waɗannan shekaru nasa.

Ya matso kusa da ni, ya rage murya yadda na kusa ba za su ji ba.

Ya ce, "Nawa ka samu, Mushe?"

Na ce, "Dubu biyu da arba'in da bakwai, Baba."

Ya ce, "To. Arba'in da bakwai ɗin gyara ne." Ya ƙara da cewa, "Ni ban yi lakwal ba, Mushe. Duba mini da kyau. Akwai guda da ya yi saura a gefe?"

Na ce, "Babu, Baba."

Ya ce, "To madalla."

Shi ke nan. Bai ambaci ɗiyarsa ba, bai ambaci aji ba, bai ce na zage shi a gaban yara ba, ko da yake na san ta gaya masa. Ya tambaye ni ranar da nake so amalanke ya fara kai kaya. Ban san abin da na ce masa ba. Na buga moto sau uku kafin ya tashi.

A nan ne ya kamata labarin ya gyaru, kuma da sauƙi. Taron malamai, inda ake yanke wanda ya wuce da wanda aka kora, sai Talata. Kwana uku ke gare ni. Na riga na miƙa takardar maki ga darakta, amma ba a rufe komai ba. Abin da ake bukata kawai in shiga ofishinsa in ce na yi kuskure. Sai dai in na faɗa, dole a taɓa makin yara sittin, dole a tambayi dalili, dole in tsaya gaban ajin da ya buga benci in ce yarinyar bencin baya ce da gaskiya. Ga kuma malamin kimiyya, wanda na taɓa yi wa tsiya a fada wata guda cur don ya yi kuskuren rabawa a allo. Ina ganin fuskarsa a raina, ina jin irin dariyar da zai yi.

Ran Litinin na je har ƙofar darakta, takardar yarinyar na cikin jakata. Ya ɗago kai ya ce, "Lafiya, Mushe?" Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa alli ya ƙare mini. Ya miƙo mini kwali guda. Na yi godiya na fito da kwalin alli a hannu, ni da ke da rabin kwali a aji.

Na yi ta lallashin kaina. Maki biyu me za su yi? Ai faransanci zai kayar da ita ko da na ba ta. Ko kuma ta wuce ba tare da su ba, kowa ya huta. In ta wuce sai in kira ta gefe in ba ta haƙuri, ba wanda ya ji. Na ma fara shirya kalmomin da zan faɗa mata.

Ran Talata muka zauna a ajin turwaziyam, na 'yan shekarar ƙarshe, don ya fi iska. Darakta na karanta suna da maki, muna cewa ya wuce, ya maimaita, an kore shi. Da aka zo kanta ya karanta makin, abin da ya rage mata ta cika goma bai kai rubu'in maki ba. Lissafi kuwa sau uku ake ninka makinsa wajen haɗawa. Na sa hannu ƙarƙashin tebur na yi lissafin a tafina da bik. Da makin nan biyu ta haye, har da ɗan rara.

Darakta ya yi abin da aka saba yi in maki ya matso haka, ya ce, "Akwai mai magana a kanta?" Malamar faransanci, wadda darasinta ne ya fi kayar da yarinyar, ita ce ma ta ce tana da ƙoƙari, ba ta fashi, a duba. Darakta ya juyo wajena ya ce, "Mushe na lissafi fa?" Tafina a dunƙule, lambobin na ciki. Na ce, "Ba ni da ta cewa." Ya ja layi, ya kira suna na gaba.

Ran Alhamis amalanken jaki ya fara sauke tubali a filina. Tsohon da kansa ya zo yana taya saukewa. Ya gaishe ni kamar kullum, ya ce in sa magini ya yi sauri, gabas ta fara haɗa hadari. Na tsaya ina amsa masa da to, to, idona a kan jakin. Tubali ne masu kyau, ya sa musu ƙaiƙayi sosai. Har yau bangon bai tsage ba.

Shekarar da ta biyo na soke lambar daga kayena, ba wanda na gaya wa. Bayan wasu shekaru har na fara koyar da ita a matsayin tarko. In ce wa yara, ku yi hankali, ba duk wadda aka ninka aka cire ɗaya ce mai taurin kai ba, ga goma sha ɗaya nan, tana ba da ashirin da uku sau tamanin da tara, wasu sukan faɗa ramin nan. Wasu! Haka nake cewa, ko kunya. Babbar lambar kuwa na daina rubuta ta a saman allo. Wani yaro ya tambaye ni dalili, na ce allon ya yi ƙanƙanta. Takardar yarinyar na ajiye ta cikin tsohon kayen, a ƙasan akwati. In na hango tsohon a kasuwa ko a masallacin Juma'a sai in sake hanya. In muka yi kiciɓis shi ke fara gaishe ni.

Shekara goma sha huɗu ana haka, sai Allah ya yi masa rasuwa. Na je jana'iza, na koma zaman makoki. Na ji an ce ɗiyarsa ta zo daga Gabi, inda take aure tana ɗinki, da 'ya'yanta huɗu. Ranar sadakar uku, da safe, na buɗe akwati na ciro takardar. Ta yi ja, ta yi laushi a wajen ninki. Na ɗauki jan bik na soke sifirin, na rubuta biyu, na sa hannu. Ni kaina na san abin dariya ne, amma ban san me zan riƙa in je da shi ba in ba wannan ba.

Da mutane suka ragu na aika a ce mata tsohon malaminta na son yi mata gaisuwa. Ta fito zaure da goyo a baya, ta durƙusa daga gefe. Na yi mata ta'aziyya, ta amsa. Sannan na miƙa mata takardar.

Ta buɗe, ta daɗe tana kallon zanenta. Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Ikon Allah. Mushe, ashe tana nan?"

Na ce, "Ke ce da gaskiya. Tana rabuwa."

Ta ce, "Ai na sani, Mushe. Ni da Baba muka jera su, yini biyu muna yi. Ya ce in dai malaminku ya ga abin a ƙasa zai gane, mai ilimi ne." Ta gyara goyonta. "Da ya komo gida ran nan na tare shi tun a ƙofa. Ya ce mini ka zo da gaggawa, ko daga kan moto ba ka sauka ba, ka ce ka yarda da shi ba sai ka ƙilga ba. Ya ce kada in riƙe ka a rai, ba ka gani ba ne."

Ban taɓa sanin haka ya gaya mata ba. Na ji zauren ya yi mini ƙunci.

Ta ce, "Yaushe ka gano, Mushe? A littafi ka gani daga baya?"

Ga ƙofa a buɗe, tsohon ya bar mini ita tun shekara goma sha huɗu. In ce e, shi ke nan, mu rabu lafiya. Na dubi tabarmar da ake zaman makokinsa a kai, na kasa.

Na ce, "Na sauka daga moto. Na taka layin duka biyu, na ƙirga. Ya tambaye ni ko akwai saura, na ce babu."

Ta ɗago kai ta dube ni, karo na farko tun da ta fito.

Ta ce, "Kafin taron malamai?"

Na ce, "Da kwana uku."

Yaron bayanta ya motsa, ta jijjiga shi. Ta ninke takardar a kan tsohon ninkinta, a hankali, ta ajiye a tabarma kusa da ƙafata.

Ta ce, "Kullum ina gaya wa 'ya'yana malaminmu na lissafi mutumin kirki ne, kuskure ya yi, kowa na yi." Muryarta ba ta tashi ba. "Mushe, da ka bar ni da maganar Baba."

Aka kira ta daga cikin gida, wasu mata sun zo gaisuwa. Ta tashi ta shiga. Na ɗauki takardar, na nemi takalmana, na fito ban yi wa kowa sallama ba. Da na isa gida na wuce ɗaki na zauna a bakin gado, rana tsaka. Na rasa inda zan sa idona, duk inda na duba tubalinsa ne.